Wasiƙa zuwa ga Yaya, daga ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Hajiya da yara. Ka tambaye ni ko injina ne suka sa asibitin Ingila ya fi namu. Injina kam akwai su, amma abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne.

A ɗakin da nake aiki, kullum da safe mukan taru gaban allo: likita, mu nas-nas, mai gashin ƙashi, mai harhaɗa magunguna, mai tsara abinci. Mu bi gadaje ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani. Satin da ya wuce babban likita ya ce a sallami wani dattijo. Sai wata matashiya, wadda aikinta duba ko mutum zai iya zama a gidansa, ta ce a dakata, banɗakinsa a saman bene yake, sai an kafa masa ƙarfen dafawa. Likita ya ce to, aka ɗaga sallamar. Bai ga an raina shi ba.

Sai maganar haɗiya. Duk wanda aka kawo, ko ruwa ba a ba shi ta baki sai an gwada maƙogwaronsa, ana so cikin awa 4. Ƙaramin cokali na ruwa, ka zuba ido, ka saurari muryarsa. Idan ya ƙware, sai a kira ƙwararriyar magana da haɗiya, ita za ta ce a kaurara masa abin sha ko a sa masa robar hanci. Ranar da na fara wannan gwaji sai da na ɓuya na yi kuka, don Baba na tuna, Allah ya jiƙansa. Lokacin ban shiga makarantar jinya ba. Mu muka riƙa ɗura masa koko, yana tari muna yi masa sannu, ashe huhu yake gangarawa. Likitansa ya san aikinsa, mai gashin ma haka, amma ba su taɓa zama wuri ɗaya a kansa ba. Kai ne mai haɗa su, da takarda a hannu, daga ɗakin gwaji zuwa ɗakin hoto, daga can ka hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari neman magani.

Nan ma da nasu ciwon. Tun 1948 NHS, wato hukumar lafiya ta gwamnatin nan, take duba mutane ba tare da an biya a bakin ƙofa ba, daga haraji ake cira, amma a 2023 layin jiran magani ya haura miliyan 7. Kuma wallahi kaɗaici yana cin tsofaffinsu. Wani sai ya yi sati ba wanda ya leƙo shi. Ba 'yan dubiya, ba kwanon tuwo, ba mai jinya a kan tabarma. A wannan mun fi su nesa ba kusa ba.

Ƙwararru muna da su, a asibitocinmu na Kano: Aminu Kano, Murtala da Dala. Abin da ke damuna shi ne jayayyar wane ne gaba tsakanin likitoci da sauran ma'aikata, wadda ta daɗe tana haifar da yajin aiki a ƙasarmu, marar lafiya na kwance yana jira.

Don Allah ka sayi ƙaramin littafi domin Hajiya. Ka rubuta duk maganin hawan jini da na suga da take sha, da sakamakon kowane awo. Duk wanda zai duba ta, har mai kemis, ka miƙa masa ya karanta kafin ya ƙara mata wani.