Ɗakin kwamfuta na makaranta: ƙaramar ta tebur ta hannu ko sabuwar laftof mai araha?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi tambaya kan irin kwamfutocin da ya kamata a saya wa ɗakin kwamfuta na makarantarku. Tsakanin biyun da ka jera, wato ƙananan kwamfutocin tebur na hannu irin waɗanda ofisoshi ke saukewa, da sababbin laftof masu araha, ka ɗauki na tebur. Indai ɗaki ne guda da yara za su riƙa shigowa aji bayan aji, ban ga abin dogon tunani ba.

Irin su ne a ɗakin da nake kula da shi, kuma har yau ba su ba ni kunya ba. Ina nufin jerin da aka ƙera don ofis: Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini, Lenovo ThinkCentre Tiny. Girman kowacce bai wuce littafi mai kauri ba, ana ma iya ɗaure ta a bayan sikirin, yaro ba ya ko ganinta balle ya ce zai taɓa. An yi su ne don su yini a kunne shekara da shekaru, kuma an yi su don a buɗe. Wata rana ana tsakiyar darasi ɗaya ta ƙi tashi, sai fitila ke ƙiftawa. Na juya ta, na kwance noti ɗaya da yatsa, murfi ya zame, na cire RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da injin ke aiki da ita, na goge bakinsa na mayar. Kafin malamin ya gama rubutu a allo yarinyar ta koma kan aikinta. Wani yaron kuma ya tuntsurar da ruwa a kan kibod. Kibod ɗin kaɗai ya tafi, muka ɗauko wani a kwali muka jona. Da laftof ce, ruwan nan kai tsaye zai sauka kan uwar injin, shi ke nan an yi asarar kujera guda har ƙarshen zango.

Abin da ya kamata ka riƙa aunawa ke nan: idan abu ya lalace, me ke tafiya tare da shi? A ta tebur komai zaman kansa yake. Sikirin daban, kibod daban, linzami daban. A laftof mai araha kuwa duk a jiki ɗaya suke, kuma galibinsu an like RAM da ma'ajiyar a jikin uwar injin, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Ma'ajiyar ma sau da yawa ba SSD mai sauri ba ce, wata ƙarama ce da ake kira eMMC, mai gigabait 32 ko 64. Windows 11 kanta tana neman 64, to ina za a sa manhajojin karatu da aikin yara? Akwai wasu 'yan laftof irin waɗannan da aka kawo mana gudummawa. Na yarda suna da batir, in wuta ta ɗauke ba sa mutuwa nan take, suna kuma da kyamara a jiki. Iyakar yabon da zan yi musu ke nan. Maƙalar murfinsu ce ta fara karyewa, caja ta bi sahu, kuma abin da ake iya sawa a jaka a makaranta, ka san sauran zancen.

Sai dai ba kowace ta hannu ba ce abin saye, kuma nan ne zan ɗan daɗe. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma ba ta karɓar kowane inji: tana son TPM 2.0, wato ɓangaren tsaro na cikin injin, da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, na Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Gane zubin ba wuya. Ka dubi lambar da ke bayan ɗan layin: i5-8500T zubi na 8 ne, i5-6500T na 6 ne, i5-10500T na 10 ne. Na 6 da na 7 sun cika kasuwa saboda su ne ofisoshi ke zubarwa, kuma a waje kamanninsu ɗaya da na 8. Kada ka karɓi ƙasa da 8. RAM ya zama gigabait 8, in da hali 16, SSD kuma 256. Da wannan yara za su yi Word da Excel, su koyi rubuta manhaja da Scratch da Python, su buɗe shafukan intanet da yawa ba tare da injin ya fara nishi ba. Harafin T ɗin da ke ƙarshen lambar ma yana da amfani: furosesa ne mai wat 35, don haka wutar da ɗakin zai ci da zafin da zai tara ba su kai na tsofaffin manyan akwatunan nan ba.

Tsofaffin da kuke da su yanzu, kada a jibge su a sito. Wadda ke da sauran rai a sa mata SSD, a zuba mata Linux Mint ko ChromeOS Flex a madadin Windows, duka kyauta ne, ta koma ta koyon buga rubutu.

Wani zai iya ba ka shawarar Chromebook, wato laftof masu aiki da ChromeOS na Google. Ba laifi, tun 2023 Google ta ce za ta riƙa sabunta su har shekara 10. Amma lissafin yana farawa ne daga lokacin da samfurin ya fito, ba daga ranar da ka saya ba, kuma inda intanet ke yankewa rabin amfaninsu ya tafi.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, don masu sayarwa ba duka ke tsoron Allah ba. Dabararsu ta farko ita ce sitika. A manna maka "Core i7" a gaba ka ji daɗi, alhali i7-2600 ne na 2011, wanda i5 na 2018 ya fi shi nesa ba kusa ba. Kada ka karanta sitika, ka kunna injin ka buɗe Task Manager na Windows ka ga sunan furosesan da ya rubuta da kansa. Ta biyu, a nuna maka guda ɗaya mai kyau, a cika sauran kwalayen da wani abu daban. Kowacce a kunna ta a gabanka, ko da za a yini. Ka tafi da CrystalDiskInfo a filas, zai nuna maka lafiyar SSD da awannin da ta yi tana aiki. Ka shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka tabbatar ba a kulle shi da kalmar sirri ba, don akwai injinan da ke zuwa da makullin ofishin da suka fito, mai sayarwa ya ce maka "ai ba matsala", kai kuma ranar da za ka sake zuba Windows ka tarar da ƙofa a rufe. Chromebook na hannu ma haka, wasu har yanzu a rajistar wata makaranta suke. Ka duba caja: ta asali tana da nauyi, jabu kamar fanko take a hannu. Lambar jikin injin kuma ka sa ta a shafin kamfanin da ya ƙera shi, zai nuna maka ainihin samfurin da lokacin da garantinsa ya fara.

Abin da ya rage a kasafin kada ya tafi wajen ƙara yawan injuna. Ka ja wayar sadarwa tsakanin injunan. Irin wayar da ake kira Cat6 tana kai mita 100, ka haɗa kowa da suwic mai gigabit, wato akwatin da wayoyin ke haɗuwa a ciki, ka huta da Wi-Fi da ke durƙushewa da zarar aji guda ya hau lokaci ɗaya. Ka sa UPS, wato batirin ajiyar wuta, ko inbata da zai riƙe ɗakin ko da na mintunan da za a adana aiki a kashe lafiya, wannan ya toshe gibin batir ɗin. A injin malami ka zuba Veyon, kyauta ce: yana ganin sikirin ɗin kowane yaro daga kujerarsa, yana iya kulle su gaba ɗaya in yana bayani. Injin guda kuma ka ware shi ka sa masa Kiwix da Kolibri, sauran su riƙa ɗiban Wikipedia da darussa daga gare shi ko babu intanet.

Duka su zama samfuri ɗaya, don ka shirya guda ka kwafe wa sauran, kayan gyaransu kuma su riƙa shiga juna. Ka sayi biyu ko uku fiye da adadin kujerun ka ajiye a kabad. Kuma kada ka biya cikon kuɗi sai mai sayarwa ya rubuta lambar kowane inji a rasit, tare da wa'adin da zai canza wanda ya mutu.