Kunkuru ko wanet: wacce za ka iya saita wa giya a ƙofar gida?

Alhaji, na ga tambayarka tun la'asar, sai yanzu na samu zama. Ka ce an yi maka tayin tsofaffin motoci biyu a nan Jidda: Volkswagen ƙirar kunkuru ta 1972, wadda Larabawa ke ce wa khunfusa, da Chevrolet C10 ta 1970, wanet, wato a-kori-kura, mai giya uku a sitiyari. Duka biyun libar giyarsu na lilo, kana son sanin wacce za ka iya gyarawa da hannunka, ba sai ka yini a warsha, wato gareji, ba. Kowacce na taɓa shiga ƙarƙashinta.

Da farko kada a ɗora wa giya laifin kuloci. Gwada shiga kowace lamba injin yana kashe. In tana shiga sumul, amma da an tayar sai ta kama gurnani, musamman a ribas, to kuloci ne ba ya saki. A kunkuru waya ce ke jansa, akwai noti mai kunnuwa a ƙarshenta kusa da giyabos, ana son wasan feda ya kai milimita 10 zuwa 20. A wanet ƙarafa ne, wasan kusan inci ɗaya.

Ita kunkuru injinta da giyabos duk a baya suke. Saboda haka doguwar rodi guda ce ta taso daga gindin liba, ta bi ta cikin ramin nan da ya raba ƙasan motar biyu, har ƙarƙashin kujerar baya. Saitin kansa wasan yara ne. Noti biyu ne ke riƙe da gindin liba, sifana mai lamba 13 ke kwance su. Sa lamba biyu, sassauta su, daidaita ƙasan libar ya miƙe tsaye, sannan ka tura farantin da ke ƙarƙashi zuwa hagu da sukudireba har ya taɓa kafaɗar libar, ka ɗaure. Wannan ɗan farantin kada ka raina shi. A kunkuru lamba biyu da ribas maƙwabta ne, duk hagu da baya ake ja, sai dai ribas sai an danna liba ƙasa. Farantin ne katangar da ke tsakaninsu. Na taɓa mayar da shi a juye da dare, ina sauri. Washegari ina cikin tafiya na nemi biyu, sai na ji haƙoran ribas sun yi wata ƙara da har yanzu tsigar jikina ke tashi in na tuna. Ɗauki hotonsa da waya kafin ka cire.

Matsalar ita ce, sau da yawa ba saiti ne ya goce ba. Akwai ɗan bushin roba da ke riƙe da rodin a cikin ramin, daf da bayan liba, akwai kuma mahaɗa a ƙarƙashin kujerar baya, ita ma da robarta. Ta bayan mai sauƙi ce: ɗaga kujera, cire ɗan murfi, ga ta nan. Ta gaban ce ke sa mutum ya yi da-na-sani. Sai ka zare rodin kacokan ta wata 'yar kafa a goshin motar, ka saka sabon bushin da yatsu biyu ta ramin liba, wurin da idonka ba ya gani, sannan ka dawo da rodin kaɗan-kaɗan da filaya, tana santsin giris. Robar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma sai ta cinye maka safiya guda.

Wanet kuwa akasin haka take. Komai nata a fili yake, buɗe bonet kawai. A ƙasan sandar sitiyari za ka ga hannuwa biyu, kowane da rodinsa da ta gangara gefen giyabos. Ɗaya na ɗaya da ribas, ɗaya na biyu da uku. In ka jawo liba wajen ƙirjinka ka kama na farko, in ka sake ta ta koma kan na biyu. Wannan tsallakawar ba ta yiwuwa sai hannuwan biyu suna layi ɗaya cif a firi. Nan ne aikin yake. Ja hambirki, sa weji a taya, sassauta maɗaurin kowace rodi, shiga ƙarƙashi ka sa hannuwan giyabos biyu a firi da hannunka, sannan ka daidaita na sama. A yawancinsu akwai huda da ake zura siririn ƙarfe ya riƙe su tare; in babu, yaro ya riƙe maka liba. Sai ka ɗaure ba tare da ka ja ko ka tura rodin ba. Kuskuren kaurin ƙwayar shinkafa ya isa ya ɓata maka rai, kuma da wuya ka dace a karon farko.

In ya goce, cizawa take yi. Ta taɓa yi min a danja kan Titin Madina, tsakar rana, daga ɗaya zan je biyu liba ta ƙame. Na fito, ana ta zuba min hon, na buɗe bonet na jawo hannuwan nan suka daidaita, zafin ƙarfen na cin tafin hannuna. Duk tsohon direban wanet ya san wannan rawar. Duba kuma robobin da injin da kan motar ke zaune a kai. Sitiyari a jikin kan motar yake, giyabos a jikin shasi. In ɗaya ya zauna, saitin da ka yi jiya ya tashi a banza.

Zafin Jidda ba ya barin roba, don haka kada ka je tashlih, wato inda ake kwance matattun motoci a sayar da kayansu, neman bushin, abin da za ka samo sa'an naka ne. Na kunkuru sabbi suna nan birjik a intanet, motar da aka ƙera sama da miliyan 21, aka ci gaba da yi a Meziko har 2003. Na wanet in ya yi wuyar samu, masu makhrata, wato injin sassaƙa ƙarfe, za su sassaƙa maka na tagulla.

In don giyar ce kaɗai, ni wanet zan ɗauka, saboda abin da ido ke gani hannu na iya kaiwa. Amma kunkuru in ka sha wahalar bushin ɗin sau ɗaya, ka huta na shekaru. Gobe in ka je ganin kunkurun, sa lamba biyu ka girgiza liba. In ka ji ƙarfe na bugun ƙarfe a cikin ramin, ka sa wannan safiyar a cikin cinikin.