Aeroprakt A-22LS a zafin Maraɗi: jirgin ya yi, esansi ne abin dubawa

A-22LS ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu gefe da gefe, ƙirar kamfanin Aeroprakt na Yukiren. Fukafukansa a sama suke, ƙofofin kuma garau har ƙasa, sai ka riƙa hangen gulbi da gonakin hatsi ba abin da ya tare maka ido. Iyakar nauyinsa na tashi kilo 600 ne, shi kansa fanko ya ɗan haura 300. Tankunansa biyu na cin litir 90, wajen kilo 65 ke nan, don haka manya biyu da ƴar jaka sun shiga.

Gudunsa na tafiya kimanin kilomita 160 a awa, shan mai litir 15 zuwa 18. Damagaram da dawowa ba damuwa. Yamai kuwa a yi lissafin iska da kyau tukuna.

Injinsa Rotax 912 ULS ne na Ostiriya, mai ƙarfin doki 100, kuma nan gizo ke saƙa. Ba ya karɓar esansin da ƙarfinsa, wato lambar oktan, bai kai 95 ba. Na ƴan ruwa-ruwa da ke shan rana a kwalba ko kusa kada a kai masa: bugun da yake haddasawa cikin silinda ba a jin sa saboda ƙarar farfela, sai fistin ya ƙone ake sani. Wanda ba shi da tabbacin samun 95 gara ya nemi inji 912 UL mai doki 80, shi 90 ta ishe shi, amma fa da tsakar rana zai ji bambancin. Tudun filin jirgin Maraɗi bai kai mita 400 sama da teku ba, sai dai in zafi ya kai digiri 42 a watan Afirilu, iskar ta yi sako-sako kamar ta mita 1,450. Ƙarfin inji ya ragu da wajen kashi 14 cikin 100, gudun tashi ya ƙaru, hawa ya yi nawa. Man inji a riƙe shi tsakanin digiri 90 da 110. In ya doshi 130, a sassauta hawa.

Zafin nan ne kuma ke sa esansi ya tafasa cikin tiyo bayan an kashe inji an sake tayarwa, shi ya sa dole a tabbatar akwai tiyon da ke maida mai tanki. Injin kabiretoci biyu gare shi. A riƙa ciro ƴan tulluwar da ke iyo a kofinsu ana aunawa: biyun in sun wuce giram 7 sun sha mai, a canza. Duk kayan roba shekara 5 ne wa'adinsu, ko da jirgin bai tashi ba.

Rashin nauyinsa na da nasa aibi. Daga hantsi iskar da ke tasowa daga ƙasa tana jijjiga shi sosai, ƙaramar guguwa ma ta isa ta kifar da shi a ajiye in ba a ɗaure ba. Jirgin sassafe ne da la'asar sakaliya. Lokacin hazo, Disamba zuwa Fabrairu, kwanakin zama sun fi na tashi. Wani sashe na fukafukin yadi ne, rana na cin sa, rumfa ta zama tilas. Ƙayar tsaida kuwa ba ta raga wa tayoyinsa.

Kafin a biya kuɗin kwantenar kawo jirgin a fara da ANAC, hukumar kula da jiragen sama ta Nijar, a Yamai kan rajista da lasisi, a kuma samu makanikin da ya san Rotax. Iyakar Najeriya ba ta kai minti 20 ba ta kudu, ido na kan GPS.