Lamunin NELFUND da Tallafin Karatu na Jiha: Wanne Iyaye Za Su Nema wa Ɗansu?

Da zarar yaro ya samu gurbin karatu a jami'a, iyaye kan tsinci kansu tsakanin hanyoyi biyu na neman kuɗin makaranta, wato lamunin gwamnatin tarayya na NELFUND da kuma tallafin da hukumomin ba da tallafin karatu na jihohi ke bayarwa.

Lamunin, wanda aka buɗe shafin nemansa a watan Mayun 2024, bashi ne marar kuɗin ruwa ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Ana tura kuɗin rajista kai tsaye zuwa asusun makaranta, sannan wanda ya nemi kuɗin kashewa ana ba shi naira 20,000 a wata. Ɗalibi ne ke cike takardar ta intanet da lambobinsa na NIN, BVN da JAMB, kuma a nan ne akan sha wahala, domin idan an rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, lamarin na iya tsayawa cik. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin ɗari na albashi.

Tallafin jiha kuwa kyauta ce, ba a mayar da kuɗin, sai dai sai an gabatar da takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, kuma sau da yawa kuɗin bai taka kara ya karya ba, ga jinkiri. A ganina, iyayen da rufe rajista ya matso musu su fara da lamunin, su bi tallafin jihar daga baya.