Hattara da masu tallar sifika da amfilifaya mai "wat 2000" a Facebook da TikTok

Na rubuta wannan ne saboda jiya na sake ganin bidiyon da aka damfare ni da shi wata biyu da suka wuce. Shafin ya sauya suna, ya sauya hoton gaba, amma bidiyon shi ne dai: teburi baƙi, sifiku biyu masu launin katako, ƙaramin amfilifaya a tsakiya yana walƙiya da shuɗiyar fitila, ga hannu yana murɗa maɓallin ƙara. A ƙasa mutane sun yi layi suna tambaya, "Nawa ne zuwa Gusau?" "Akwai saura?" Ba zan faɗi sunan shafin ba, don sunan ba ya kwana biyu bai canza ba. Yadda suke aikin shi ne ba ya canzawa, kuma shi nake so a gane.

Sana'ata haɗa bidiyon biki da gyaran sautin karatu a kwamfuta, a nan Kano. Na daɗe ina aiki da abin sawa a kunne har kunnuwana suka fara ciwo, sai na ƙudurta sayen sifiku biyu na kan teburi da ɗan amfilifayan da zai tura su. Kuɗina ba su da yawa, shi ya sa da na ga tallar na tsaya. An rubuta cewa kayan wani otal ne da aka yo oda daga waje, aka gama saka wa ɗakuna, ragowar saiti bakwai ake so a rabu da su kafin ƙarshen mako. Wat 2000, da Bluetooth, da IC (ƴar ƙwayar lantarkin da ke ƙara ƙarfin sauti) samfurin TPA3116 a ciki, duka a kan naira 48,000. Sunan da ke jikin sifikun ya yi kama da na wani sanannen kamfani, harafi ɗaya kawai ya bambanta, ban ma lura ba sai daga baya.

Mutumin da na yi magana da shi a WhatsApp bakinsa kamar zuma. "Alhaji, wallahi saura biyu, wani daga Kaduna yana kan layi yanzu haka." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ranar na zama Alhaji. Na ce a kawo in gani in biya, ya ce kayan suna Legas, sai dai in tura rabi a ɗora wa direba, in cika idan sun iso tasha. Na tura 24,000. Sunan da ya fito a asusun na mace ne, ba shi da alaƙa da sunan shafin. Na tambaya, ya ce akawun ɗin matar oga ne. Nan ya kamata in farga, amma kuɗi sun riga sun tafi, zuciya kuma tana son ta yarda.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi ta sauran wayo shi ne kaya suna zuwa. Bayan kwana huɗu direba ya kira ni, na je tasha, ga kwali an naɗe shi da salatif kamar gawar Fir'auna. Direba ya ce an umarce shi kada ya saki sai mai kaya ya ga alat. Ba ruwansa da abin da ke ciki, kuma a tasha ina za ka samu wutar gwaji? Na ɗaga kwalin na ji nauyi, raina ya kwanta, na cika sauran 24,000.

A gida na haɗa komai, na saka karatun da nake gyarawa. Murya ta fito kamar mai magana daga cikin tulu. Haruffan sin da shin duk sun dushe, babu wannan kaifin da ke sa ka ji numfashin makaranci. Na murɗa ƙara zuwa rabi, sai kakari da tsatsa, na ƙara kaɗan, fitilar ta lumshe amfilifaya ya ɗauke na daƙiƙa biyu ya dawo. Rediyon mahaifina ta batir ta fi shi fitar da magana.

Washegari na kwashi kayan sai wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda tun zamanin kaset yake wannan aiki. Bai fara taɓa sifikun ba. Adaftar wutar ya ɗauka, ya auna ta a tafin hannu, ya gyara tabarau ya karanta rubutun jikinta.

"Yaro, ka yi makaranta ko? Sha biyu sau biyu nawa?"

"Ashirin da huɗu, Baba."

"To ga shi nan, bolt 12, amfiya 2. Wat 24 ke nan, in ma gaskiya suka rubuta, don wannan ba ta fi ashana nauyi ba. Tulun da aka zuba wa kwano 24, ta ina zai fitar maka da 2000?"

Wannan lissafin shi ne gaba ɗayan abin da na rasa, kuma ɗan firamare zai iya yin sa. Amfilifaya ba ya ƙirƙirar wuta, abin da adafta ta ba shi yake juyawa ya zama sauti, har ma wani kaso yana tafiya a zafi. Ka ninka bolt da amfiya, abin da ya fito shi ne rufin ɗakin, ba a wuce shi. Sifikun da ake soka wa a kafar USB ma haka: USB 2.0 bolt 5 take bayarwa da rabin amfiya, wat biyu da rabi ke nan, USB 3.0 kuma wat huɗu da rabi. Duk kwalin da ka gani da wayar USB an rubuta wat 300 a jikinsa, ƙarya ce tsirara.

Galibi za ka ga ƙananan haruffa PMPO kusa da babbar lambar. Wannan ba ma'auni ba ne da kowa ya amince da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Lambar da ake dubawa ita ce ta RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa a ɗore, kuma a faɗi a kan sifika mai om nawa aka auna (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke turje wa wuta). Rikicin ba sabo ba ne. A Amurka ƙaryar wat ta yi yawa har hukumar kasuwancinsu ta FTC ta kafa doka a 1974 kan yadda dole a auna ƙarfin amfilifaya kafin a tallata shi. Labarin "ragowar kayan otal" ma aro ne: shekaru da dama a Amurka da Ingila akwai masu yawo da farar motar kaya, su tare mutum a wurin ajiye motoci su ce an yi kuskure an loda musu sifiku fiye da oda, a saya da araha kafin oga ya sani. Namu sun bar motar sun koma waya.

Baba ya kwance sifika ɗaya. Ƙaramin bakin da ke sama, wanda aikinsa fitar da siririn sauti, da ya cire shi sai ga roba ce zalla an manna da gam. Babu waya ko ɗaya a bayansa, babu mayen ƙarfe, ado ne kawai. Babban bakin na ƙasa kuwa mayen ƙarfensa bai fi murfin kwalbar lemo ba, an rufa masa wani kokon roba baƙi don ya yi kama da babba in an leƙa ta ramin iska. Waya biyu sirara kamar gashi sun tafi kai tsaye daga bayan akwati zuwa gare shi, babu ɗan allon da ke raba sauti tsakanin babba da ƙarami. A ƙasan akwatin kuma ga dunƙulen siminti an like. Nauyin da ya kwantar mini da hankali a tasha ke nan. Baba ya ɗago shi ya ce, "Wannan kam gangariya ne, ba a yi maka algus a nan ba." Almajiransa suka yi ta dariya, ni ma na yi, don kuka ba zai dawo da komai ba.

Sai amfilifaya. Ya ɗaga ƙarfen sanyaya da ke kan IC ɗin, an kankare lambar da ke jikinta fes. Ya sa gilashin ƙara girma ya ƙirga ƙafafunta, 16. TPA3116D2 ta gaskiya, wadda kamfanin Texas Instruments ke yi, ƙafa 32 gare ta. Kuma ko ta gaskiyar ce, abin da takardar kamfanin ta ce shi ne wat 50 kowane ɓangare a kan sifika mai om 4, idan an ba ta bolt 21. Ka ba ta bolt 12, iyakarta wajen wat 18 a om 4, wajen 9 a om 8, kafin sauti ya fara fashewa. Wato amfilifaya mai kyau ma in aka haɗo shi da ƙaramar adafta, rabin kuɗinka ne ke aiki. Wasu masu sayarwa da wannan suke cin riba ba tare da sun taɓa cikin na'urar ba: kwalin na asali, adaftar an musanya ta da ta banza.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ashe ban ma buƙaci ko kusa da abin da nake hange ba. Ƙananan sifikun kan teburi yawanci suna ba da desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) 84 zuwa 88 da wat ɗaya tak, a tazarar mita ɗaya. Desibel 85 ƙara ce da masana lafiyar ma'aikata ke cewa kada a wuce awa takwas a cikinta. Ni kuwa tsakanina da sifika ko mita ɗaya babu. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, sai ka ninka kusan sau goma kafin kunne ya ji kamar ƙarar ta ninku. Don haka wat 15 zuwa 25 na gaskiya a kowane ɓangare ya ishi ɗaki har maƙwabta su yi sallama. Dubi Edifier R1280T, wadda ta shahara a wurin masu ƙaramin ƙarfi: wat 42 RMS aka rubuta mata gaba ɗaya, babban bakinta inci 4. Ƙananan amfilifayoyin Fosi Audio da SMSL da Aiyima ma za ka ga ana faɗin bolt da amfiyar adaftar da ke tare da su. Ba talla nake yi wa kowa ba, kuma su ma akan yi jabunsu. Ina nufin mai kayan kirki ba ya jin kunyar ƙaramar lamba.

Ga wanda bai saba ba, sifiku iri biyu ne. Akwai masu amfilifaya a cikinsu, kamar Edifier ɗin nan, waɗanda ake soka wa wuta kai tsaye, su ba sa buƙatar komai sai waya daga kwamfuta. Akwai kuma waɗanda babu komai a ciki, su ne ake nema wa amfilifaya. In mai sayarwa ya ce sai ka haɗa da amfilifaya alhali sifikar tana da wayar wutarta, so yake ya sayar maka da abu biyu. A wajen haɗawa, duba om ɗin da ke bayan sifika, 4 ko 6 ko 8, ka tabbata amfilifayan ya yarda da shi. Kayan gwanjo da suka fito daga Amurka kuma a karanta bayansu da kyau, wutarsu bolt 120 ce, tamu 230. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, sokawa ɗaya hayaƙi ne.

Gwajin da Baba ya koya mini bai ɗauki minti biyar ba. Ka je da wayarka da sautin da kunnenka ya sani, muryar mutum ta fi kiɗa tona asiri. Ka rage ƙara, ka kai kunne dab da ƙaramin bakin na sama, in yana aiki za ka ji "sss" yana fita daga shi kansa. Ka taɓa batir mai bolt ɗaya da rabi a wayoyin sifika taɓawa ɗaya, za ka ji "ɗas" ka ga babban bakin ya motsa. In akwai mitar masu gyara mai auna om, sifika mai om 8 takan nuna wajen 6 zuwa 7, mai om 4 takan nuna 3 da wani abu. Ka haska tocilan ta ramin iska ka ga abin da ke ciki. Ka bar amfilifaya ya yi minti goma da ƙara sama da rabi, ka ga ko zai ɗauke. Bidiyon talla kuwa ba shaida ba ne ko kaɗan. Ni da nake wannan sana'a na fi kowa sanin cewa ɗora sauti mai kyau a kan hoto aikin minti ɗaya ne, kuma duk abin da ka ji, ta ɗan bakin wayarka ka ji shi. Wannan ce ta fi ba ni kunya.

Idan dole sai daga nesa za ka saya, ka nemi hoton rubutun jikin adafta da na bayan sifika, ka nemi kiran bidiyo kai tsaye a kunna sautin da kai ka zaɓa, kuma ka sa wani naka a garin ya je ya gani da idonsa. Wanda ya fara kawo uzuri a kan hoton adafta, ka bar shi da kayansa.

Da na tura wa mutumin hoton simintin, sai ya yi shiru kwana ɗaya. Daga nan wata sabuwar lamba ta kira, wai manaja ne, yana ba da haƙuri cikin ladabi: yaran sito ne suka yi kuskure suka ɗauko na nuni, za a canza mini da na asali, in tura 12,000 kuɗin mota da na mayar da wancan. Wannan shi ne zagaye na biyu, kuma ina jin a nan suke samun wanda zafin asara ya rufe wa ido. Na ce su fara turo sabon, in biya direba hannu da hannu bayan na gwada. Kafin la'asar lambobin biyu sun toshe ni.

Na kai ƙorafi bankina da shaidar tiransifa da hotunan hirarmu, na shigar da koke a hukumar kare masu sayayya ta FCCPC, na kuma kai rahoton shafin. Duk wanda abin ya faɗa wa ya yi haka da wuri, kada ya goge hira ko ɗaya, kada ya yar da kwalin da takardar direba. Zuwa yau kobo bai dawo mini ba.

Akwatunan biyu suna wurin Baba. Ya ce katakon ba laifi, zai nemo bakuna na gaske daga tsohuwar rediyon gida ya saka, ya haɗa mini da allo mai TPA3116 da adaftar kwamfutar tafi-da-gidanka mai bolt 19, kuma sai na zauna na ji da kunnena kafin in ba shi ko sisi. Simintin ɗaya na taho da shi, da shi nake tokare ƙofar shago in iska ta taso.