Garmin Xero C1 Pro: amfaninta ga mai sauya kwanso ko firaima

A Amurka, inda doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson harsashi a gida, galibin masu sayen na'urar auna gudun harsashi gudu suke nema. Bayan amfani da Garmin Xero C1 Pro, ra'ayina shi ne babban aikinta taka wa mai cikon birki, musamman ranar da ya sauya kwanso ko firaima, wato ɗan maɓallin da ke tada wuta a gindin kwanso.

Na'urar ta fito a ƙarshen 2023 a kan kusan dala 600. Da rada take aiki, ba da haske ba, saboda haka babu kafa sanduna a gaban bindiga, babu ruwanta da gajimare. Ana ajiye ta a gefe, inci 5 zuwa 15 daga bakin bindiga, tana karanta gudu daga ƙafa 100 zuwa 5,000 a daƙiƙa, sannan ta tura lissafin zuwa manhajar ShotView a waya.

Inda kuɗin ke biyan kansa shi ne batun kwanso. Ɗauki nau'in harsashin .308 Winchester. Kwanson soja na 7.62 NATO, irin na masana'antar harsashin soja ta Lake City a Amurka, ya fi na kasuwa kauri, don haka cikinsa ya fi ƙunci. Albarushi ɗaya, awo ɗaya, amma wurin ƙonewa ya ragu, matsi ya hau. Kafin a je filin harbi sai a gwada: a auna kwanson da aka riga aka harba a kan sikeli, tsohon firaima na jikinsa, a cika shi da ruwa daidai baki, a sake aunawa. Bambancin shi ne faɗin cikinsa, kuma na kasuwa yakan ɗauki ruwa wajen giren 56 (giren shi ne ƙaramin ma'aunin nauyi da ake auna albarushi da shi). Idan sabon kwanso ya gaza tsohon, a koma awon farko na littafin kamfanin albarushi, a riƙa ƙara kashi 3 cikin 10 na giren, ana harba biyar-biyar ana duba gudun da na'urar ta nuna. Kwanson soja kuma an danne bakin ramin firaimansa. In ba a share wannan dannin ba, sabon firaima zai shiga a karkace ko ya murƙushe.

Firaima ma haka. Daga CCI 200 zuwa CCI 250 mai ƙarfi, wutar ta fi zafi da daɗewa, abin da ke taimaka wa albarushi mai ƙwayoyi zagaye a lokacin sanyi, amma tana iya ɗaga matsi. A nan na'urar kan nuna abin da ido ba ya gani: wani lokaci matsakaicin gudu bai motsa sosai ba, amma tazarar da ke tsakanin harbi mafi gudu da mafi ƙarancin gudu ta buɗe. A sauya abu ɗaya kawai a kowane gwaji. Wanda ya sauya kwanso da firaima tare ba zai san wanne ya jawo canjin ba.

Abin da ya kamata mai saye ya sani: na'urar ba ta auna matsi. Iyakar matsin da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa wa .308 shi ne psi 62,000 (psi ma'aunin matsi ne), kuma babu inda allon zai nuna an ƙetare shi. Sai dai idan gudunka ya wuce na awo mafi girma a littafi alhali bututun bindigarka bai fi nasu tsawo ba, to mai yiwuwa matsin ma ya wuce, ko da firaima bai baje ba, sakatar bindiga ba ta yi tauri ba, gindin kwanso bai yi tabo mai sheƙi ba. Waɗannan alamomin sukan makara.

Allonta ƙarami ne, kuma gudun bakin bindiga kawai take bayarwa, ba ta bin harsashi zuwa nesa kamar na'urar LabRadar. Batirin na ciki ne, yana kai kusan awa 6. Mai cika harsashi da kaya iri ɗaya shekara da shekaru zai iya aro. Mai tara kwanso daga kamfanoni daban-daban, ko wanda ƙarancin kaya ke tilasta masa sayen duk firaiman da ya samu a shago, ya saya.