Kayan Gano Tsutsar Ciki: Abin da Mai Buɗe Ɗakin Gwaji a Kano Zai Duba Kafin Ya Saya

Wanda ke shirin buɗe ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Kano, ko a Fagge ko a Hotoro, madubin hangen ƙwayoyin cuta ne zai fara cin kuɗinsa, don haka ya kamata ya san abin da yake biya. Ƙwan tsutsa ba ya buƙatar madubi mai tsananin ƙarfi, domin da gilashi mai lamba 10 ake lalube, da mai lamba 40 ake tabbatarwa. Abin nema shi ne gani ya fito tangaran. Ƙwan Ascaris, doguwar tsutsar ciki, mai kaurin ɓawo ne, kusan kowane madubi zai nuna shi, amma na tsutsa mai ƙugiya ɓawonsa siriri ne garau, kuma a madubi mai araha yakan saje da tarkacen bahaya har a sallami mara lafiya da cutarsa. Shi ya sa, a ganina, Olympus CX23 ko Leica DM500, ko da na hannu ne muddin gilasansa ba su yi fumfuna ba, ya fi sabo marar suna mai allon kallo. A zaɓi mai fitilar LED, saboda halin wutarmu.

Sai hanyar gwajin, wadda ita ke tantance sauran sayayya. Shafa bahaya a ɗigon ruwan gishiri da aidin ba ta da tsada, sai dai idan ƙwai kaɗan ne takan wuce su. Tacewa da sinadaran fomalin da ether ta fi kamawa, amma tana buƙatar injin juya kwalabe, ga shi sinadarin ether yana saurin kama wuta, abin lura a zafin bazarar Kano. Kato-Katz kuwa, hanyar shimfiɗa bahaya da kauri a kan farantin gilashi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawararta wajen binciken al'umma, tana ɗaukar miligiram 41.7 na bahaya don a ƙirga ƙwai, illarta ita ce ƙwan mai ƙugiya yakan ɓace cikin kimanin awa ɗaya.

Ɗakin da ke karɓar mutanen Kura da Kadawa, inda ake noman rani, kada ya yi tsumulmula a kan injin juyawa: da shi za a tace bahaya don ƙwan Schistosoma mansoni (tsutsar tsargiyar hanji) mai ƙaya a gefe, da shi kuma za a juya fitsarin mai tsargiya.